Me ya sa jan farcen jel ke ɓarewa da wuri, kuma ta yaya zan ƙarfafa farata masu laushi?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gyaran farce, da ma'aikatan lafiya idan akwai su a cikinmu. Ina shafa jan farce na jel, irin wanda ake sa hannu a ƙarƙashin fitila kafin ya daskare, kuma an shaida mini cewa yakan kai mako biyu zuwa uku bai motsa ba. Ni kuwa nawa ba ya cika mako guda. Yakan fara ɗagowa daga baki, musamman a manuniya da babban yatsan hannun dama, wani lokaci kuma daga gindi kusa da fata. Da zarar ya ɗago sai ya riƙa kama gashi da zaren mayafi, don haka nakan ƙarasa ɓare shi da hannu.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne halin da faratan kansu suka shiga. Sun yi laushi har ina iya lanƙwasa su da yatsa, bakinsu yana rabewa, a samansu kuma akwai fararen tabo da babu su a da. Idan na tsoma hannu a ruwan ɗumi har ɗan zafi nake ji a ƙarƙashinsu. Ina da fitila da kwalaben jel a gida, wani lokaci ni nake yi wa kaina, wani lokaci in je shago, amma sakamakon kusan ɗaya ne. Ni nake wanke-wanke da wankin kayan yara da hannu, kuma a kwanakin da ba na salla kaɗai nake shafawa, wato duk wata sai na saka na cire.

Shin jel ɗin ne ba shi da kyau, ko faratan ne ba sa karɓarsa? Kuma me zan saya don su yi ƙarfi? Wata ƙawata ta ce in sha ƙwayar kalsiyam, wata ta ce bayotin (wani nau'in bitamin), wata kuma ta ce akwai ruwan da ake shafawa ya taurara farce. Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Gyaran Farce:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan sana'ata ce, kuma daga bayaninki na ga matsala biyu ne suka haɗu, kowace tana ƙara wa ɗayar ƙarfi. Bari in fara da jel ɗin.

Jel ba bushewa yake yi ba kamar jan farce na yau da kullum, wanda ruwan cikinsa ke bin iska ya bar launi. Shi ruwan roba ne wanda hasken fitila ke sa ƙwayoyinsa su sarƙe da juna har ya daskare, saboda haka daɗewarsa ta rataya a kan abu biyu: shafin farko ya kama farce sosai, sannan haske ya ratsa kowane shafi har ƙasa. Inda ya fara ɗagowa shi ne yake faɗa miki wanne daga ciki ya samu tangarɗa.

Idan daga gindi ne, kusan kullum shiri ne bai yi ba. Akwai wata siririyar matacciyar fata da ke bin saman farce daga gindi yayin da yake tsirowa, ba ta da launi, ido ba ya saurin ganinta. Duk jel ɗin da ya zauna a kanta bai taɓa farce ba, kuma ranar da ta saki shi ma zai saki. Ana tura fatar gindin a hankali, a share wannan ragowar, a ɗan dusashe ƙyallin farcen da magogi mai laushi, sannan a goge da auduga da sinadarin da ke ɗauke maiƙo. Bayan nan kada a taɓa fuska ko gashi, domin ɗan maiƙon da zai dawo ya isa ya ɓata aikin. Haka nan idan jel ya malala ya taɓa fata aka daskarar da shi a haka, wannan gurin zai zama ƙofar da ruwa zai riƙa shiga. A bar ɗan tazara kamar kaurin gashi tsakanin jel da fata.

Idan daga baki ne, to a duba ko ana shafa bakin farcen da kowane shafi domin a rufe shi, sannan a duba abin da ake yi da yatsun. Ba banza ba ne manuniya da babban yatsan dama suka fi saurin lalacewa a wurinki, da su ake buɗe gwangwani, da su ake kankare ƙanzo, da su ake tsinke leda.

Sai maganar ruwa, wadda mutane da yawa ba sa kawowa a rai. Farce yana shan ruwa ya ɗan kumbura, idan ya bushe ya koma. Wadda ta fito daga wanka ko wanki ta shafa jel nan take, ta shafa shi ne a kan farcen da zai tsuke daga baya, shi kuma jel ɗin ba zai tsuke tare da shi ba. Ni ba na jiƙa hannun mace kafin jel, kuma ina so a ce ta yi aƙalla awa guda rabonta da ruwa.

Game da fitila, shafi mai kauri shi ne babban abokin gaba. Sama zai daskare ya yi ƙyalli, ƙasa kuwa yana nan danye, kuma baƙi da ja mai duhu da fari tas sun fi fuskantar haka saboda launin yana tare haske. Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Yawancin jel suna son daƙiƙa 30 zuwa 60 a fitilar zamani, tsohuwar mai dogayen ƙwayaye kuma minti 2, amma abin da ke rubuce a jikin kwalba shi za a bi, kuma ba kowace fitila ce ke dacewa da kowane jel ba. Babban yatsa yakan kwanta ta gefe a cikin fitila, don haka a daskarar da shi shi kaɗai. Ɗan danƙon da ke saura a sama bayan an fito ba alamar danyantaka ba ne, iska ce ke hana wannan fatar ta sama daskarewa, goge shi ake yi. Alamar danyen jel ita ce ya yamutse, ko ya saluɓe gaba ɗaya da laushi.

Yanzu ga inda matsalar ta biyu ta shigo. Kaurin farcen hannu bai wuce kusan rabin milimita ba, kuma falle-falle yake kamar bawon albasa. Duk lokacin da kika ɓare jel da hannu, yana tafiya ne da fallayen sama, kuma fararen tabon da kike gani gurbin abin da ya tafi ne. Farcen da ya rage kauri yana lanƙwasa, jel kuwa ba ya lanƙwasa kamarsa, sai su rabu da wuri, sai ki sake ɓarewa, sai ya ƙara sirancewa. Ko jel mafi tsada aka sa miki a wannan hali ba zai zauna ba.

Cirewa ta ƙwarai ita ce a goge ƙyallin saman da magogi, a jiƙa ƴar auduga da asiton, wato ruwan da ke narkar da jel, a ɗora, a naɗe da takardar alminiyam, a jira minti 10 zuwa 15, sannan a ture abin da ya yi laushi da ɗan tsinken katako. Wanda ya ƙi fita a sake naɗe shi, kada a kankare. Shawarata ki yanke su gajeru, idan kuma za ki sake shafawa ki nemi shafin farko irin mai taushi da ke bin lanƙwasar farce.

'Yar Zazzau:

Sannu da ƙoƙari, Anti, bayaninki ya gamsar. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma wuri ɗaya kawai zan saɓa miki: a ganina bai kamata Maman Biyu ta sake ɗora kowane irin jel a kan waɗannan farata yanzu ba, ko mai taushi ne. Zafin da take ji a ruwan ɗumi yana nuna farcen ya sirance har naman ƙarƙashinsa ba ya samun kariya, kuma kowane sabon shafi yana nufin sabuwar guga da sabon asiton.

'Yar'uwa, abin da ya kamata ki riƙe shi ne farcen da kike gani ba shi da rai, saboda haka ba ya warkewa. A can gindi ƙarƙashin fata ake ƙera shi, yana turowa da kusan milimita 3 a wata, kuma kafin na hannu ya sabunta daga gindi zuwa baki ana ɗaukar kusan wata shida. Babu abin shafawa ko na sha da zai mayar da fallayen da suka tafi. Aikinki shi ne ki kare wanda ya lalace kada ya tsage, ki kuma kare sabon da ke fitowa. Hutun da muke cewa a ba farce ba don ya sha iska ba ne kamar yadda ake faɗa, domin daga jini yake samun abincinsa. Hutu ne daga guga da kankara da asiton.

Maganar kalsiyam ki ajiye ta. Farce ba ƙashi ba ne, da sinadarin keratin aka yi shi, irin na gashi, kuma kalsiyam ɗin da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Bayotin kuwa binciken da ya nuna amfaninsa ga farce ƙanana ne, kuma ƙarancinsa ba abu ne da aka saba gani ba ga mai cin ƙwai da gyaɗa da hanta. Sannan yana da wata illa da ba a cika faɗa wa masu saye ba: a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa yawan bayotin yana iya gurɓata sakamakon gwajin jini, har da gwajin da ake gano ciwon zuciya da shi. Yana kuma rikita gwajin halittar tayirod da ke wuya. Duk mai shan sa ta sanar da likita kafin a ɗebi jininta.

Abin da na fi so ki bincika shi ne ƙarancin jini. Mace mai haila, wadda ta haihu, musamman idan tana yawan gajiya ko jiri ko haki, tana iya rasa sinadarin ayon, wanda jiki ke gina jini da shi, kuma yana bayyana a farce: ya yi sirara, ya riƙa karyewa, idan abin ya yi nisa tsakiyarsa ta lotsa bakinsa ya ɗago. Matsalar tayirod ma tana taɓa farce. Ki dubi faratan ƙafarki da ba a taɓa sa musu jel ba. Idan su lafiya lau suke, to daga waje matsalar take. Idan su ma sun canza, ki je a gwada jininki maimakon ki sayi ƙwayoyi da ka. A abinci, hanta da nama da kifi da wake da ganye irin zogale da alayyafo suna taimakawa, kuma a raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin yana rage yadda jiki ke ɗaukar ayon.

Ruwan taurara farce ma a yi hattara da shi. Wasu suna ɗauke da sinadarin fomalin, wanda ke sa farce tauri da farko, amma idan aka daɗe ana shafawa sai ya koma mai saurin tsagewa, wasu kuma fatarsu ba ta jure shi. Farce mai lafiya yana buƙatar ɗan taushi. Babban maƙiyin naki shi ne jiƙewa da bushewa sau da yawa a rana, ga garin sabulu yana wanke ɗan maiƙon da ke riƙe fallayen. Safar hannu ta roba a wanki da wanke-wanke za ta yi miki abin da kwalba goma ba za su yi ba, sai kuma mai a gindin farce bayan kowane taɓa ruwa.

Akwai wani abu mafi muhimmanci da fitilar gida ta tuna mini. Danyen jel da ke taɓa fata, ko wanda bai daskare sosai ba, yana iya jawo borin fata ga sinadaran da ke cikinsa, kuma idan jiki ya ɗauki wannan bori ba ya mantawa. Alamominsa ƙaiƙayi da ja da kumburi ko ƙananan ƙuraje a gefen farce, wani lokaci a fatar ido ko wuya inda yatsu ke taɓawa, wani lokaci kuma farcen ya rabu da namansa. Ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka a 2018, ta kuma ambaci kayan yi a gida musamman. Daga 2021 Tarayyar Turai ta taƙaita kayan farce masu sinadarin HEMA, ɗaya daga cikin waɗannan sinadaran jel, ga ƙwararru kaɗai. Dalilin tsananin shi ne dangin waɗannan sinadarai ake amfani da su wajen cike haƙori da kuma manne ƙarfen gaɓa a tiyatar ƙashi, don haka wadda ta kamu za ta iya fuskantar matsala a asibiti shekaru bayan ta daina shafa jel. Haka kuma idan kika ga koren tabo a inda jel ya ɗago, ƙwayar cuta ce ta samu danshi ta zauna. A cire jel ɗin, a bar wurin a bushe, kada a rufe shi da sabon launi.

Hajiya Babba:

'Yata, duk abin da aka faɗa miki gaskiya ne, amma akwai jimla ɗaya a cikin tambayarki da ba a tsaya a kanta ba, kuma a ganina ita ce tushen lamarin. Kin ce a kwanakin da ba ki salla kike shafawa. To an yi jel ne domin wadda za ta bar shi mako biyu ko uku, ke kuwa ba ki buƙatar abin da zai wuce mako guda. Kina ɗaukar wahalar cire abin da aka yi don ya ƙi cirewa, duk wata, alhali ba ki morar daɗewarsa. Kuma da yake shafin farko ba shi da launi, kuma kina tsoron kada wani ɓurɓushi ya rage ya tare ruwa a wankan tsarki, na tabbata kankarewa kike yi har sai kin ji farcen tsirara. Wannan tsoron daidai ne, amma farcen ne ke biyan kuɗinsa.

Idan launi na 'yan kwanaki kike so, jan farce na yau da kullum ya wadatar, auduga ɗaya ta share shi ba tare da guga ba. Idan kuma ado mai daɗewa kike so, ga jan lalle, wanda rina farce yake yi ba tare da ya ɗora masa wani abin da zai hana ruwa taɓa shi ba, ki yi alwalarki hankali kwance, kuma babu ranar cirewa, yana tafiya ne tare da tsiron farcen. Ina nufin lallen ganye, ba baƙin da ake haɗawa da rinin gashi ba, wanda ya ƙona fatar mata da yawa.

Hunturu kuma yana tafe, lokacin da farce ke tsagewa ko ba a taɓa shi ba. Ki ajiye man kaɗe kusa da inda kike wanke hannu, da dare kuma ki murza shi a gindin kowane farce kafin ki kwanta.

Maman Biyu:

Na gode, Anti, na gode 'Yar Zazzau, Allah ya ƙara girma, Hajiya. Na duba faratan ƙafata, lafiyarsu ƙalau, kuma ba ni da ƙaiƙayi ko kumburi a yatsu, amma zan je gwajin jini saboda gajiyar da aka ambata ina da ita. Saura tambaya biyu. Har yanzu akwai jel a yatsu uku da ya kama sosai, kuma ina tsoron asiton a kan farcen da ya riga ya sirance. Sannan bikin ƙanwata yana nan da wata biyu, ina so in san ko zuwa lokacin zan iya yin jel sau ɗaya.

Anti Mai Gyaran Farce:

Na karɓi gyaran 'Yar Zazzau, hutun ya fi. Game da yatsu ukun, asiton na minti 15 ya fi ɓarewa sauƙi nesa ba kusa ba, domin shi busar da farce yake yi, kuma bushewa tana gyaruwa da mai, fallen da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Ki shafa basilin a fatar da ke kewaye kafin ki fara, ki yanka audugar daidai girman farcen don kada ta kwanta a kan fata, ki yi a wuri mai iska kuma nesa da murhu ko risho, saboda asiton yana kama wuta da sauri. A wajen goge ƙyallin saman, ki tsaya tun kina ganin launi a ƙarƙashin magogin. Bayan an gama ki wanke hannu, ki shafa mai sosai.

Daga nan ki riƙe su gajeru, daidai da kan yatsa, ki ɗan zagaye kusurwoyin don kada su kama tufa. Ki yi amfani da magogi mai laushi, mai lamba 180 ko 240, kina bi ta gefe ɗaya a hankali, kuma idan baki ya fara rabewa ki rage shi nan take kafin tsagar ta yi ciki. Kada ki goge saman don kawar da fararen tabon, za su fita da kansu yayin da farcen ke turowa, kuma kada ki yanke fatar gindi, ita ce ke tsare wurin da sabon ke fitowa.

A wata biyu sabon farce zai kai kusan milimita 6, bakin kuwa tsohon ne mai rauni, kuma nan ne jel ke fara ɗagowa. Ni da ke gabana kike, lalle zan ce a yi miki na bikin, tunda dama za a yi wa dangin amarya. Idan kuma ranki yana kan jel ɗin, ki je wurin wadda ba za ta sa injin guga a kan farcenki ba, ki faɗa mata halin da yake ciki tun kafin ta fara, kuma ki tsayar da ranar da za ki koma ta cire miki shi da asiton.